Daga Shadwell zuwa Silvertown: A ƙafa cikin mazaɓar da ta yi shekara 13 kacal

A gabashin Landan an taɓa yin wata mazaɓa mai suna Poplar da Canning Town. An ƙirƙire ta a 1997, aka rushe ta a 2010. Zaɓe uku kawai aka yi a cikinta, kuma mutum ɗaya ne ya wakilce ta a Majalisar Dokokin Birtaniya tun daga farko har ƙarshe. A bakin kawuna na fara jin sunanta. Yana zaune a unguwar Custom House tun farkon shekarun 1990, kuma a wannan mazaɓa ya fara jefa ƙuri'a a ƙasar, alhali a lokacin fasfon Najeriya kaɗai yake riƙe da shi.

Na tambaye shi yadda aka yi haka. Ya ce, "Ɗana, dokarsu ce. Duk ɗan ƙasashe renon Ingila da ke da izinin zama yana da ƙuri'a, har ta 'yan majalisa." Ma'ana ɗan Najeriya da ɗan Gana da ɗan Kamaru suna da bakin magana a kan wanda zai wakilci unguwarsu, amma maƙwabcinsa Badamagare, wanda suke sahu ɗaya a masallaci kuma suke biyan haraji iri ɗaya, ba shi da ita sai in ya karɓi takardar zama ɗan ƙasa, domin Nijar ba ta cikin ƙungiyar ƙasashe renon Ingila. Wannan ya sa na ga batun mazaɓa a Landan ba na Turawa kaɗai ba ne. Na ƙudurta zan taka ta da ƙafa daga yamma zuwa gabas, in ga ko waɗanda suka shata ta sun haɗa abin da zai haɗu.

Dalilin ƙirƙirarta lissafi ne. Kafin 1997 ƙaramar hukumar Tower Hamlets tana da kujeru biyu, maƙwabciyarta Newham tana da uku. Masu zaɓe sun ragu a tsakiyar birni, sai hukumar shata iyakokin mazaɓu ta Ingila ta rage kujerun Landan daga 84 zuwa 74. Kujeru biyar na waɗannan ƙananan hukumomi suka koma huɗu, kuma hakan ba zai yiwu ba sai ɗaya daga cikinsu ta tsallake iyaka. Aka ɗebo gundumomi bakwai daga Tower Hamlets, wato Shadwell, Limehouse, Millwall, Blackwall, East India, Lansbury da Bromley, aka haɗa su da huɗu na kudancin Newham, daga Canning Town zuwa Custom House da Silvertown. Tsakaninsu akwai Kogin Lea. 'Yan majalisa biyu masu ci, Mildred Gordon ta Bow da Poplar da Nigel Spearing na Newham ta Kudu, suka wayi gari kujerunsu sun narke cikin guda. Jam'iyyar Leba ba ta ba ko ɗayansu tikiti ba. Ta ba Jim Fitzpatrick, haifaffen Glasgow, tsohon ɗan kwana-kwana kuma jami'in ƙungiyar ƙwadagonsu.

Na sauka a tashar Shadwell da hantsi, wajen da gefen yammacin mazaɓar yake. 'Yan taku kaɗan a kan titin Cable akwai wani ƙaton zane da ya cinye bangon wani tsohon ginin hukuma. Yana nuna ranar 4 ga Oktoba 1936, lokacin da Yahudawan unguwar da leburorin tashar jiragen ruwa 'yan asalin Ayalan da 'yan ƙwadago suka datse hanya suka hana Oswald Mosley da mabiyansa masu aƙidar fasisanci wucewa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu titin ya zama matattarar ma'aikatan jiragen ruwa daga Afirka ta Yamma da Somaliya da Karibiyan. Yau shagunan da ke wurin na 'yan Bangladesh ne, da allunan nama halal da ƙamshin kayan yaji. Kusan kashi 40 cikin 100 na mutanen Tower Hamlets Musulmi ne bisa ƙidayar 2021, kuma babu ƙaramar hukumar da ta kai haka a Ingila. Baƙo daga Kano ba ya jin kansa bare a nan.

Limehouse na wuce ta da sauri. Tsohuwar matsayar kwale-kwalen kaya ta zama wurin ajiye jiragen shaƙatawa na masu hali. Inda na daɗe shi ne West India Quay, gaban wasu dogayen rumbunan jan bulo. An buɗe wannan tashar jiragen ruwa a 1802 domin sauke sukari da giya daga gonakin Karibiyan, waɗanda bayin da aka kwasa daga Afirka suke nomawa. Ɗaya daga cikin rumbunan ya zama gidan tarihi, kuma a ciki akwai sashe guda a kan sukari da bauta. Na tsaya gaban wani dogon allo mai jerin jiragen bayi da suka tashi daga Landan, da sunan kowane jirgi da kyaftin ɗinsa da gaɓar da ya nufa. Ban iya karanta shi har ƙasa ba. A ƙofar ginin ne gunkin Robert Milligan ya tsaya, attajirin da ya mallaki bayi fiye da 500 a Jamaika, har sai da aka tumɓuke shi a watan Yunin 2020. Duk tsawon rayuwar mazaɓar yana nan a tsaye.

Da na ɗaga kai daga rumbunan sai ga Canary Wharf, unguwar bankunan da aka gina a filin tsohuwar tashar. An rufe tashar a 1980, bayan kwantena ta zo kuma manyan jirage sun koma Tilbury, can ƙasa da kogi. A 1981 gwamnatin Margaret Thatcher ta kafa hukumar raya yankin tashoshin, ta karɓe ikon ba da izinin gini daga hannun zaɓaɓɓun kansiloli ta danƙa mata. Dogon benen One Canada Square, mai tsayin mita 235, ya kammala a 1991. Sauran manyan benayen bankuna sun tashi ne a farkon shekarun 2000, wato a daidai lokacin da mazaɓar take raye. Wuri ne mai tsabta ƙal, da masu gadi na kamfani, da kasuwa a ƙarƙashin ƙasa. Mutane suna tafiya da sauri, kowa da kati rataye a wuya.

Na gangara kudu cikin Isle of Dogs zuwa Millwall. Minti ashirin a ƙafa sai gilashi ya ƙare, aka shiga gidajen ƙaramar hukuma masu baranda da shanya. A wannan gunduma ce, a watan Satumban 1993, Derek Beackon na jam'iyyar BNP mai ƙyamar baƙi ya ci kujerar kansila da ratar ƙuri'a bakwai, karon farko da jam'iyyar ta ci wani zaɓe. Rigimar a kan gidaje ce. Tsofaffin iyalan leburori Turawa suna kallon ana gina gidajen da ba za su iya saya ba, sai aka nuna musu iyalan Bangladesh aka ce su ne ke cinye musu layin gidan gwamnati. Talaka aka haɗa faɗa da talaka, masu benaye suna gefe. An kayar da Beackon a watan Mayun 1994 bayan mutane sun fito ƙwansu da kwarkwatarsu, amma wutar ba ta mutu nan take ba. A zaɓen farko na sabuwar mazaɓar, ranar 1 ga Mayu 1997, shugaban BNP da kansa, John Tyndall, ya tsaya takara a nan, ya samu sama da kashi 7 cikin 100. Kawu ya ce shi ya sa ya fita ranar tun da sassafe. "Ba don ina son siyasarsu ba. Don kada a ƙirga unguwata ba ni a ciki."

Daga Canary Wharf zuwa Poplar ba nisa, amma tsakaninsu akwai babbar hanyar Aspen Way da layukan jirgin DLR marar direba. Mai tafiya a ƙasa sai ya hau gadar da ke tashar Poplar. Na tsaya a tsakiyar gadar na duba hagu da dama, kuma a nan na fara fahimtar mazaɓar. A kudu bankunan da ke juya kuɗin duniya. A arewa unguwannin da suka daɗe cikin sahun gaba a talaucin yara a duk Birtaniya. Taswirar mazaɓar ba ta ja layi a nan ba, amma a ganina wannan ce iyaka mafi kauri a duk tafiyar. Ɗan majalisa guda ne ke ɗauke da ɓangarorin biyu. Ba na ganin hakan aibu ne. Gara wanda bankuna za su gayyata liyafa ya zama shi ne kuma zai zauna ranar sauraron koke, mata ta zo masa da takardar likita a kan danshin da ke sa ɗanta asma a ɗaki ɗaya da mutum shida.

Poplar tana da tarihin tsayawa kai da fata. A wani bango a titin Hale akwai zanen George Lansbury, jagoran kansilolin Poplar, da sunayen kansiloli 30 da aka ɗaure a 1921. A wancan zamani kowace unguwa ita ke ciyar da marasa aikinta daga harajin gidajenta, sannan ta biya kasonta ga hukumomin Landan baki ɗaya, har da 'yan sanda. Unguwar matalauta ta fi kowa yawan mabuƙata, ta kuma fi kowa ƙarancin abin karɓa. Kansilolin suka ce ba za su tara wa hukumomin sama ko kwabo ba sai an daidaita nauyin. Aka kai mazan kurkukun Brixton, matan Holloway. Bayan mako shida aka sake su, majalisa ta yi dokar da ta sa unguwannin masu kuɗi su ɗauki wani kaso. Ɗaya daga cikin matan, Minnie Lansbury, ta rasu 'yan watanni bayan fitowarta. Gundumar Lansbury ta mazaɓar sunan wannan dattijo ta ci, haka ma rukunin gidajen da aka gina bayan ruwan bama-baman yaƙi, da kasuwar Chrisp Street a tsakiyarsu. A kasuwar na ci shinkafa da miyar kaza mai yaji a rumfar wani Babangale, na yi azahar a wani ƙaramin masallaci da ke kusa, sannan na kama titin East India Dock na nufi gabas, dogon benen Balfron yana hagu da ni.

Sai kogin. Lea ba wani babban ruwa ba ne. A nan ƙarshensa yana murɗewa sau biyu kafin ya faɗa Thames, kuma idan ruwa ya janye sai laka baƙa. Amma iyaka ce tun fiye da shekara dubu. Yarjejeniyar da Sarki Alfred ya yi da Guthrum, shugaban mayaƙan Denmak, a ƙarni na 9 ta bi ta kansa. Daga baya ya raba lardin Middlesex da na Essex. Dokar gine-gine ta Landan ta 1844 ta takura wa masana'antu masu wari da guba a cikin birni, sai masu su suka tsallaka gabashin kogin inda dokar ba ta kai ba, suka kafa a cikin fadama. Haka Canning Town ta tashi, gidajen leburori a ƙasa mai ambaliya, ba magudanar kirki. Ba ta shiga Landan a hukumance ba sai 1965, lokacin da aka haɗa West Ham da East Ham aka yi Newham.

Tsallaka shi a ƙafa ba daɗi. Na bi gadar babbar hanyar A13, manyan motoci suna wucewa a gefena, iska tana kaɗa ni, ƙasa kuma layukan dogo da turakun lantarki. Babu wanda zai bi nan don ya je gaida maƙwabci. Na gane abin da masu sukar mazaɓar suke nufi: makarantu daban, ofishin gidaje daban, kansiloli daban, jaridar unguwa daban. Duk takardar da ɗan majalisa zai rubuta a kan gida ko shara, sai ya fara duba wace gaɓa mai koken yake.

Duk da haka, da na sauka Canning Town sai na ga kamar ban bar Poplar ba. Kawu yana jirana a tashar, inda aka rubuta tarihin kamfanin ƙera jiragen ruwa na Thames Ironworks a jikin bango, domin a nan harabarsa take. Ma'aikatansa ne suka kafa ƙungiyar ƙwallon da ta zama West Ham United. Muka ratsa rukunin gidajen Keir Hardie. Wannan yanki ne ya zaɓi Hardie a 1892, ɗan ƙwadagon da daga baya ya zama shugaban Leba na farko a majalisa. A nan kuma Kamal Chunchie, mutumin Silon (Sri Lanka ta yau), ya buɗe cibiya a 1926 domin baƙaƙe da 'yan Asiya ma'aikatan jirgi da iyalansu, saboda wuraren Turawa ba sa karɓarsu. Kawu ya nuna min wajen da benen Ronan Point ya tsaya. A watan Mayun 1968 gas ya fashe a hawa na 18, kusurwa guda ta ginin ta zube tun daga sama, mutum huɗu suka mutu nan take, kuma sai da aka sake dokokin gini a ƙasar. Gaɓa biyu, sana'a ɗaya, bama-bamai ɗaya, gidaje marasa inganci iri ɗaya, kuma kusan lokaci ɗaya aikin ya ƙare musu. Wanda ya san Kakuri a Kaduna bayan rufe masaƙu ya san yadda unguwa take idan abin da aka gina ta dominsa ya mutu.

A Custom House ne na fi jin Yarbanci da Ibo da Turancin Gana a kan titi, ga shagunan garin rogo da manja da busasshen kifi. Muka haura wata doguwar gada ta masu ƙafa a kan tashar Royal Victoria. An buɗe ta a 1855, Royal Albert ta biyo a 1880, ta Sarki George na Biyar a 1921, aka rufe su duka ga jiragen kaya a 1981. Ruwa ne shimfiɗe iya ganinka, tsofaffin ƙugiyoyin ɗaga kaya suna jere a baki an bar su don ado. A gefe ɗaya zauren baje koli na ExCeL da aka buɗe a 2000, a ɗaya gefen kangon masana'antar fulawa ta Millennium Mills. Jirage suna saukowa ƙasa-ƙasa zuwa filin jirgin London City, wanda ke aiki tun 1987, akasari don masu zuwa Canary Wharf. Na tambayi Kawu ko ya taɓa tashi daga nan. Ya ce, "A'a. Mu ƙarar ce rabonmu."

Wannan ya ƙara min ƙarfi a kan ra'ayin da na fara ɗauka a gadar Poplar. Daga 1997 zuwa 2010 'yan kasuwa iri ɗaya suka sake fasalin gaɓar Thames tun daga Limehouse har Silvertown. Jirgin ƙarƙashin ƙasa na layin Jubilee ya iso a 1999 ya haɗa Canary Wharf da Canning Town. Mutanen da abin ya faɗa wa a kai suna buƙatar murya guda a majalisa, kuma mazaɓar da aka yi don cike lissafi ta ba su ita. Ban ce ta warware musu matsala ba. Kujera ce da Leba take ci ba gumi, kuma irin wannan kujera ba kasafai ake jin kukanta ba. Sai a 2005 aka ɗan girgiza. Fushin yaƙin Iraƙi ya sa George Galloway na jam'iyyar Respect ya kayar da Oona King a maƙwabciyar mazaɓa, Bethnal Green da Bow, da ƙuri'a 823. A nan kuma ɗan takarar Respect, Oliur Rahman, ya zo na uku, yayin da masu ra'ayin riƙau suka zo na biyu da ƙuri'un sababbin mazauna gidajen bakin ruwa. Fitzpatrick ya tsira, ya kuma riƙe muƙaman ƙaramin minista a gwamnatocin Tony Blair da Gordon Brown.

Abin da ya haife ta shi ya kashe ta. Gine-ginen sun jawo jama'a, har kowace ƙaramar hukuma ta isa ta riƙe kujeru biyu ita kaɗai. A zaɓen 2010 ɓangaren yamma ya zama Poplar da Limehouse, Fitzpatrick ya bi shi ya ci, Galloway da ya biyo shi can ya zo na uku. Canning Town da Custom House suka koma West Ham, Silvertown ta tafi East Ham. A 2024 aka sake zane. Kujerun sun koma biyar kamar kafin 1997, an sake tsallaka Lea amma ta arewa, da mazaɓar Stratford da Bow, unguwar Kawu kuma tana cikin West Ham da Beckton. Mazaɓa ta huɗu ke nan da gidansa ya shiga bai taɓa sauya ƙofa ba. A wannan zanen doka ta sa kowace mazaɓa, ban da 'yan tsibirai kaɗan, ta kasance da masu zaɓe tsakanin 69,724 da 77,062, ta kuma ce a sake dubawa duk shekara takwas. Na tuna da namu mazaɓun tarayya 360, waɗanda suke nan kusan yadda aka shata su tun kafin 1999, duk da yadda Kano da Legas da Abuja suka tumbatsa. Yawan sauyi yana raba mutum da wakilin da ya saba da shi, amma rashin sauyi yana sa ƙuri'ar wani ta fi ta wani nauyi, kuma ni na fi tsoron na biyun.

Mun ƙare a Silvertown da la'asar sakaliya. Akwai dutsen tunawa da fashewar masana'antar nakiya ta ranar 19 ga Janairu 1917, wadda ta kashe mutum 73 ta rusa ɗaruruwan gidaje. An sa aikin tace nakiyar yaƙi a tsakiyar unguwar leburori, abin da ba za a yi a yammacin birni ba. Can gaba matatar sukari ta Tate & Lyle tana hayaƙi. Tun 1878 take aiki a wurin, kuma har yanzu jiragen ruwa suna kawo mata ɗanyen sukari. Ita ce babbar masana'antar da ta rage a wannan gaɓa. Kewaye da ita sababbin benaye ne, wasu an shiga, wasu ana kan ginawa. Ofishin magajin garin Landan ma ya dawo bakin Royal Victoria a 2022, a shekarar da sabon layin Elizabeth ya mayar da tafiya daga Custom House zuwa Canary Wharf 'yan mintuna.

A hanyar komawa na tambayi Kawu ko 'ya'yansa suna zaɓe a nan. Ya ce babbar ta yi aure, sun nemi haya a unguwar sun kasa, sun koma wani gari a Essex, tana shigowa aiki da jirgi kullum. Na biyun yana layin gidan ƙaramar hukuma shekara da shekaru. Ƙaramin ne kaɗai ke da rajista a adireshin gidan. Hukumar shata iyaka za ta miƙa rahotonta na gaba a 2031, kuma Kawu ya ce in Allah ya kai mu zai je zaman jin ra'ayin jama'a, ya roƙi kada a sake raba Custom House da Silvertown.